Duk Sun Ce Sun Gani

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ƙanwarki ce Hadiza, daga nan Wudil. Gida lafiya, yaranki suna ta girma, Inna ma ƙafar da sauƙi. Na san ba karantawa za ki yi ba, amma tun rasuwarki ban sami wanda zan yi wa zancen makaranta ya saurare ni har ƙarshe ba.

Har yau ni kaɗai ce malamar bayoloji a makarantar 'yan matan da kika bar ni. An ce za a turo wata, ana kuma nan ana ta cewa. Ɗakin gwaje-gwaje yana yadda kika san shi, sai dai silin ya ƙara ruftowa. Madubin likitan nan na duba ƙananan abubuwa, ɗaya tilo, shi muke lallaɓawa a bakin taga, tunda wutar lantarki sai dai mu ji labarinta.

A kansa kika koya mini aiki. A ɓare fatar albasa siririya, a shimfiɗa a gilashi, a ɗiga aidin, a rufe a hankali kada iska ta shiga. In na kawo miki zane mai kyau sai ki harare ni ki ce, "Wannan na littafi ne. Zana mini abin da idonki ya gani." Na sha jin haushinki a lokacin, don kin cika tsanani, Yaya.

To, idon ne ya fara tafiya. Da farko gefen allo na daina gani, ina ta ɗora laifi a kan alli. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya yi nisa, maganin ɗigawa ba zai riƙe shi ba, sai aiki, kuma ba da jinkiri ba. Bai sha wahalar yi mini bayani ba. Ni ce fa nake zana ido a allo duk shekara, ina gaya wa yara cewa jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa in ta mutu ba ta dawowa.

Na karɓi hutu, ko da yake jarrabawar firaktikal ta 'yan ajin ƙarshe ta matso. Na ce bari in yi musu darasi ɗaya na bankwana. Na haɗa albasar, na murza madubin yadda hannuna ya saba, na sa su layi. Kowacce ta leƙa sai ta ɗago ta ce, "Na gani, Malama." Har aka zo kan Saudatu, wata shiru-shiru 'yar Utai, ta daɗe a sunkuye, sannan ta ce ƙasa-ƙasa ita haske kawai take gani. Na laluba da yatsa. Ashe gilashin ya goce tun farko, babu komai a ƙarƙashin madubin.

Yaya, aji guda, duk sun ce sun gani. Ba mugunta ba ce, kin san yaranmu, an tashe su a kan ba a ce wa babba ya yi kuskure. Amma ranar jarrabawa kifi ko ganye za a ajiye a gaban kowacce a ce ta zana, babu wanda zai ba ta maki don kunya. Na yi musu faɗa har muryata ta dushe, na koma ofis na yi kuka.

Ban tafi aikin idon ba. Baban Ummi ya yi fushi, ya ce makaranta ba za ta saya mini ido ba. Inna ta yini ba ta yi mini magana ba. Na ce musu likita zai jira, alhali na fi kowa sanin ba likita ne ke gaggawa ba.

Na sake lale. Kowacce ita za ta ɓare albasarta, ta haɗa, ta nemo da kanta, ta faɗa mini da baki abin da take gani kafin ta taɓa fensir. Ranar Juma'a na sayo karfasa a kasuwa, suka shafa ɓawonta da ƙayoyinta da hannu. Muka jiƙa wake muka raba shi biyu, muka kamo fara a bayan aji. Layin da ke nuna sunan kowane sashe da rula za a ja shi, kada ya haye wani, ban da shafa baƙi a zane. Sannu a hankali suka koyi ce mini, "Malama, ban gani ba." Ban taɓa zaton wannan maganar za ta yi mini daɗi ba.

Sun yi jarrabawar. Washegari na haye gada na tafi Kano. Likita ya haska, sannan ya ce na hagu ya tafi. Na dama za a yi wa aiki, a riƙe abin da ya saura.

Sakamako bai fito ba, ban san ko sun ci ba. Mutane suna ta ce mini na yi jihadi, ni kuwa wata rana nadama nake yi, musamman in Ummi ta tsaya a haguna tana magana ina waige-waigen nemanta. Ina jin tsoro, Yayata. Da kina nan da kin zage ni tas, sannan ki riƙe hannuna mu shiga asibitin tare, ni kuma riƙon hannun nake so.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba yaran nan sa'a. Ni kuma Ya bar mini na daman, ko da gwargwadon gane fuskar 'ya'yana da naki ne. Amin.

Taki har kullum,
Hadiza