Tsakanin Ɗorawa da Tsamiya

Lafiya, daren Laraba, goma ga Rajab

Madalla da ladabin mutanenmu! Kawu Goni da maigidana Malam Audu, masu neman sarautar Sarkin Kasuwa, sun gaisa yau har da durƙuso, kowa na juya baya ya kira ɗan'uwansa ɓarawo. Ni na fi su gwaninta, don na rantse wa kowannensu cewa ni nasa ne.

To, Baturen mulki ya ce gobe mutanen Kawu su tsaya gindin ɗorawa, na Malam gindin tsamiya, a ƙirga, wanda ya fi jama'a shi ne da sarauta. Ɗazu Kawu ya ce, "Ɗana, wurinka na kusa da ni." Malam kuma ya aiko da goro.

Dillalin da ya sayar wa mutum biyu doki ɗaya, wa zai miƙa wa linzami?