An Shafe Zanen Ƙwaryar Inna

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya zaman Legas? Mu nan Kalgo lafiya, sai ɓacin rai.

Na sa 'yan ajina kowa ya zana abin gidansu a bangon aji. 'Yarka Hafsatu da ke hannuna a nan ta zana adon ƙwaryar nonon marigayiya Inna, wadda ta fashe a Gwandu. Wallahi ko layi ɗaya ba ta kuskure ba.

Ranar Litinin na tarar hedimasta ya sa an shafe bangon da farar ƙasa, wai sufeto zai zo, kada ya ga ƙauyanci. Ya ce in kwafo tuffa daga littafi. Wane yaro ne a Kalgo ya taɓa ganin tuffa? Na ce ba zan zana ba, ya kai ƙarata inda ya ga dama.

Hafsatu ba ta yi kuka ba. Ta ce zanen yana kanta.

Ka taya ni addu'a kada bakina ya ja mini kora. Ka gaida kowa. Kuma ka aiko mana da fenti, irin wanda farar ƙasa ba ta rufewa.

Ƙanenka,
Umaru