Hular Kwano Biyu

Litinin, 6 ga Mayu

Ni ce na taɓa maɓallin. To, ga shi na rubuta. Ban faɗa wa kowa ba, kuma littafin nan ƙarƙashin katifa zai koma.

Yau kwana tara da Pa, babana, ya faɗi da babur a hanyar dutsen Swartberg. Ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu, sama da idon sawu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce tsautsayi. Ni ina kawo musu shayi, kaina a ƙasa.

Babur ɗin Pa irin manyan nan ne masu hawa dutse. A hannun hagu akwai maɓallin da ke gaya wa shokozoba nauyin da zai ɗauka. In an danna sai hoto ya fito a allo. Hular kwano ɗaya, kai kaɗai ke nan. Hula da akwati, kai da kaya. Hula biyu, ka yi goyo, sai bayan babur ya ɗaga sama ya yi tauri. Pa gajere ne, ko a hula ɗaya da yatsu yake taɓa ƙasa. Shekara shida bai taɓa sa hula biyu ba, don Ma ta rantse ba za ta hau jakin ƙarfe ba.

Ranar Juma'a, ana gobe zai faɗi, ni na wanke babur ɗin kamar kullum, na tayar da injin ya bushe. Sai kawai na danna har hula biyu ta fito, na ji wani abu yana gurnani a ƙarƙashin kujera. Na hau baya, wurin goyo, na rufe ido. Wai Lorenzo Plaatjies, ɗan ajinmu, ne a gaba, ina riƙe da rigarsa, kamar a littafin da nake karantawa lokacin. Lorenzo da duk shekarar nan kalma huɗu ya taɓa gaya min: "Ke, ara min rula."

Ma ta ƙwala min kira, shinkafa na ƙonewa. Na kashe na ruga. Hoton ba ya zama a allo, sai an danna yake fitowa. Da safe Pa ya hau ya tafi.

Laraba, 8 ga Mayu

Oom Cedric, abokin yawon Pa, ya kawo babur ɗin daga gonar da aka ajiye shi. Madubi ɗaya ya fashe, tanki ya goge, shi ke nan. Ya shigo falo yana dariya tun daga ƙofa.

"Wilfred, tsohon banza, wa ka goya?"

Pa ya ce wane goyo kuma.

"Hula biyu na tarar a allonka! Hula biyu, kai da tsawonka bai kai na tukunyar gas ba. Joyce, ki bincike shi, wata yake kaiwa bayan dutse."

Ma ta ce wadda duk ta yarda ta hau abin nan ta riƙe shi, kyauta ta ba ta. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe min.

Pa ne kaɗai bai yi ba. Ya ce shi ya sa bayan babur ɗin ke ta tsalle a kan tsakuwa, ya ɗauka iska ce ta yi wa taya yawa. Ya tsaya a kwana don wata motar gona ta wuce, ya sauke ƙafa ta gefen gangare, ƙafar ba ta sami ƙasa ba. Can ya ce, "Cedric, ni ban tuna na danna ba."

Oom Cedric ya ce kai dai hannunka ne ya goga. Pa ya ce ba ya canzawa da goge, sai babur na tsaye, inji na aiki, ka danna ka riƙe. "Sai da niyya," in ji shi.

Ina tsaye da faranti. Ko kallona bai yi ba. Bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ban iya cin abinci a makaranta ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Yanzu na gane abin da yake tsoro, kuma ya fi duk abin da na zata muni.

Oupa, baban Pa, ciwon mantuwa ne ya ci shi. Ina 'yar shekara bakwai amma ina tunawa. Ya sa takalminsa a firji. An tsinto shi a hanyar Calitzdorp da butar shayi a hannu, wai zai je wurin aiki, aikin da ya bari shekara goma. Daga ƙarshe Oupa ya daina gane Pa ma, yana ce masa "yallaɓai".

Ina shanya a bayan taga na ji Pa yana ce wa Ma, "Shi yana da hamsin da bakwai ya fara. Ni hamsin da huɗu." Ma ta ce ya daina wannan magana a gidanta. Ya ce, "Da ƙaramin abu yake farawa, Joyce. Ke kin gani."

Na tsaya da rigar a hannu har ruwanta ya jiƙa min siket.

Lahadi, 12 ga Mayu

A coci aka yi wa ƙafar Pa addu'a. Antie Merle, ƙanwarsa, ta kawo koesister, wani irin fanke mai zaƙi, cike da roba, masu zafi, kwakwa ta lulluɓe su. Ta ja kumatuna ta ce, "Shanré, ke kullum kamar wadda aka aika ta ɓatar da saƙo. Soyayya ce?" Na ce a'a Antie. Ta ce littattafan nan za su cinye min ido.

Sau biyu na buɗe baki a tebur. Na farko Ma ta ce in miƙo gishiri. Na biyu babu wanda ya katse ni, ni ce dai na rufe.

To in ce me? In na ce ni ce, zai ce don me. Don me yarinyar da ko keke ba ta so za ta sa hula biyu? Sai in faɗi sunan Lorenzo a gaban Pa? Gara ƙasa ta tsage.

Kuma ƙafar. Likita ya ce wataƙila ɗingishi ba zai bar shi ba.

Talata, 14 ga Mayu

Pa ya samo ƙaramin littafi yana sa shi a aljihun riga. Yana rubuta komai. Na leƙa da yana wanka, na san bai kamata ba.

"Na sha magani 7:10. Na kulle ƙofar baya, na duba sau biyu. Sunan karen maƙwabta Tiger. Na tuna da kaina."

Na tuna da kaina. Pa, wanda ya san lambar kowace jimina a gonar da yake kula da ita, wanda ke gane tsuntsun da ba shi da lafiya tun daga bakin shinge.

Da yamma ya nemi tabaransa, yana bisa kansa. Da can dariya za mu yi. Yau ya sauko da shi ya daɗe yana kallo, sannan ya ciro littafin.

Laraba, 15 ga Mayu

Zai sayar da babur ɗin. Wani mutum daga Mossel Bay zai zo ranar Asabar ya gani.

Oom Cedric har da dukan tebur. "Don ka faɗi sau ɗaya? Ni sau nawa na faɗi, kai kana tsaye kana ɗaukata hoto?" Pa ya ce ba faɗuwar ba ce. Ya ce mutumin da hannunsa ke yin abu kansa bai sani ba, ba shi da hurumin hawa titi, yau ƙafarsa ce, gobe ɗan wani ne. Oom Cedric ya ce to wa zai riƙa raka shi garin Prince Albert cin gurasar gashi, matarsa? Pa ya ce ya sayi kare.

Na ɗauka Ma za ta yi murna, shekara shida tana addu'ar rabuwa da jakin ƙarfe. Na same ta a kicin tana goge tukunyar da ta riga ta bushe. Ta ce, "In ya sayar da abin nan, ya yarda ke nan ciwon ya kama shi." Ta sa an ba shi ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa a garin George, sai watan gobe.

Lorenzo ya yi aski. Duk 'yan ajinmu na magana. Na kalla, kunnuwansa manya ne ashe.

Alhamis, 16 ga Mayu

Baki ya ƙi, sai takarda. Ina da wasiƙu goma sha ɗaya a kwalin takalmi da na rubuta wa Lorenzo, ko ɗaya bai gani ba, don haka na ɗauka na iya wasiƙa.

Ta farko na fara da "Ya mahaifina abin ƙaunata, zuciyata ta zama kamar tsuntsuwa a keji." Na karanta na ji kunya ta kama ni. Ba littafi ba ne wannan. A littafi yarinya na yin kuka, a rungume ta, a juya shafi. Ba wanda ke zama da ƙarfe a ƙafa.

Ta biyu na yi wayo. Na ce ina goge hannun babur ne tsumma ya danna. Shafi guda, tsaf, har ni na kusa yarda. Sai na tuna ya ce sai da niyya. Zai karanta, ya san ba ya yiwuwa, ya ce 'yarsa ce take masa ƙarya don ta kwantar masa da hankali, kamar yadda shi ya riƙa yi wa Oupa. Sai abin ya ƙara tabbata a ransa.

Ashe in ba duka na faɗa ba, ba ta da amfani. Har Lorenzo. Har rufe idon. Dole ta zama abin kunyar da ba wanda zai ƙirƙira.

Ta uku layi tara ce. Na sa ranar, na sa lokacin, na sa shinkafar da ta ƙone don ya tambayi Ma. Rubutun kamar na 'yar aji biyu.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na dawo daga makaranta na tarar ya ja kujera zuwa gareji, sandunansa a jingine, yana goge tanki da tsohuwar singileti don mai saye. Ya ce, "Zo, 'yar Pa, riƙe min nan." Na riƙe. Ya nuna min inda ake duba mai, wai in gaya wa mutumin gobe idan shi ya manta. Haka ya faɗa, yana murmushi.

Wasiƙar na cikin aljihun rigar makarantata tun safe, har ta yi laushi.

Na yi niyyar in tura ta cikin littafinsa na aljihu in gudu gidan Antie Merle sai Lahadi. Har na haɗa jaka. Amma in shi kaɗai ya tsince ta, zai zauna yana juya ta, yana tambayar kansa ko ya taɓa karantawa ya manta. Kuma zai so ya tambaye ni wani abu, ko ya yi faɗa. Bai taɓa ɗaga min murya ba, ban san yadda take ba. Wataƙila ya daina ce min 'yar Pa. Wataƙila duk lokacin da ya taka ƙafar ya tuna.

Na zazzage jakar. Littafin laburare ya faɗo, kwana huɗu da wucewar ranar mayarwa, ban ma kai rabi ba. Ban san ko masoyan cikinsa sun yi aure ba.

Ba wai na daina jin tsoro ba ne. Ina jin ƙarar sandarsa, yana nan a gareji. Ma ta tafi kanti, ba za ta wuce rabin awa ba.

Hannu da hannu zan ba shi. Kuma zan tsaya a wurin har ya kai layi na tara.