Baitin da Inna Ta Manta

Gammo, 4 ga Yuli

Badaru,

Gaisuwa mai yawa. Ya Zinnira da yara? Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Shekaranjiya Dabo mai ganga da Tasi'u mai jita suka zo, abokan marigayi babanka na ƙungiyar Tartsatsi, da suka yi kiɗan rok irin na Turawa tare a Kano. Bayan shekara talatin sun sake haɗuwa, za su fitar da faifai. Dabo ya kifa kwanona a cinya ya kaɗa, sai ga matan maƙwabta a bakin zaure. Haƙoransa ne suka tafi, hannun yana nan.

Waƙar babanka ta ƙarshe suke so, wadda bai samu ɗauka ba. Na rubuta baiti uku da na tuna, na huɗun ya ɓace mini. Na kuma san ba ka son a ambaci kiɗan nan, kai da kake koyarwa. In ka ce a'a, zan ƙona takardar.

Mahaifiyarka,
Furera

Gwarzo, 9 ga Yuli

Inna,

Bayan gaisuwa da ban girma, saƙonki ya iso. Kada ki ƙona komai tukuna.

Ɗanki,
Badaruddeen

Gammo, 20 ga Yuli

Badaru,

Lafiya kuwa? Layi biyu, sai shiru. Ko tuwo ba ya shiga mini.

Tasi'u ya kunna mini waƙoƙi shida a wayarsa. Wallahi jitarsa kuka take kamar mutum. Muryoyin sun dishe, amma sun fi na da daɗi. Na ce, "Tsofaffi, ba ku jin nauyi?" Dabo ya ce, "Furera, gwiwoyi dai suna ji."

Asabar za su kammala. In babu baitin, babu babanka a faifan.

Allah ya yi maka albarka.
Furera

Gwarzo, 23 ga Yuli

Inna,

Ina gaisuwa. Ki juya takardar nan, baitin yana baya. Shi Baba yake rerawa kullum in ya goya ni a keke zuwa firamaren Kabo. Ba kunyarsa nake ji ba, Inna. In na ji jita ne, kewarsa kan hana ni tsayawa gaban aji.

Ki shirya Asabar da safe, tare za mu Kano. Takardarki za a kai musu, ba tawa ba. Ki kwafe shi da hannunki.

Ɗanki,
Badaru