Katin nawa ne, ɓarin ba nawa ba ne

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗaliba ce a wata kwaleji a Kano, ƙauyenmu yana wajen Kunci. A cikin kuɗin rajista akwai na inshorar lafiya, ana ba mu kati mu ga likita ba sai mun biya ba. Babanmu ya ce inshora caca ce, don haka ban taɓa faɗa masa ina da katin ba.

Bara, lokacin da kwanon gero ya gagari mutane, yayata ta yi ɓari, jini ya ƙi tsayawa. Mijinta ya kai ɗan abin da ya noma kasuwar Dawanau ya sayar tun da kaka, rumbu ba komai, kuɗi ma babu. In zuba ido ta mutu? Muna kama da ita kamar an tsaga kara, sai na sa mata niƙabi, na ba ta katina, na kai ta asibiti, na ce ta amsa sunana. Aka yi mata wankin ciki, ta tashi. Ranar har murna nake, wai ni mai wayo. Sam ban kawo a raina cewa duk abin da likita ya rubuta, a fayil ɗina ya rubuta ba. Ni budurwa, takarda kuma ta ce na yi ɓari.

Yanzu an sa ranar aurena bayan Sallah. Ashe gwaggon saurayina a ɗakin kati na asibitin take aiki. Mun haɗu a wani suna a Bacirawa, na durƙusa na gaishe ta, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yata, ya ƙarfin jiki?" Wane jiki? Yaushe na ce mata ba ni da lafiya? Tun daga nan sau biyu ana ɗaga kawo lefe, wai tsadar kaya. Tsadar ce kuwa? Shi ma in ya zo zance sai ya tambaye ni ko akwai abin da nake son faɗa masa. Ko dai ni ce mai kaza a aljihu, ba na jimirin as?

Na roƙi yayata ta je ta yi wa dangin saurayin bayani. Ta fashe da kuka, ta ce mijinta ya faɗa wa danginsa shi ya biya kuɗin asibiti, in maganar ta fito aurenta ne zai girgiza. In na faɗi gaskiya, ina tsoron a kore ni daga makaranta, Baba kuma ya ji. In na yi shiru, an tafi da mutuncina a kan cikin da ban taɓa ɗauka ba. Wallahi kunya da tsoro sun hana ni ko karatu.

Jiya gwaggon ta aiko, ta ce in same ta a gida ranar Juma'a, ni kaɗai. Jama'a, me zan yi?