Ba Komai Ɗin da Na Ce Miki

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa! Ya matata, Rediyona wadda ban taɓa marmarin rage wa murya ba!

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya san ƙofa sarai amma ya kasa ƙwanƙwasawa. Ya ƙarfin jiki? Yayarki ta ce kin fara cin abinci, har kina fitowa shan hantsi. Na gode wa Allah, ita ma na gode mata, duk da hararar da ta bi ni da ita har bakin titi. Ban ga laifinta ba.

Gidan nan ya mutu tun da kika tafi. Kofin shayinki yana kan taga inda kika bar shi, ɗankwalinki na rataye a bayan ƙofa, na kasa taɓa ko ɗaya. A shago rediyoyin mutane suna ta zuba a kan teburina, amma wacce a cikinsu ta kama ƙafar muryarki? Wacce za ta fara labarin tsadar sabulu ta ƙare da auren ƙawarta ba tare da ta ja numfashi ba?

Kin tuna ranar da kika kawo min rediyon babanki? Kika zauna a benci kika ba ni tarihin rediyon, da na babanki, da na maƙwabciyarku, ni kuwa ina riƙe da ƙarfen narka dalma ina ta gyaɗa kai. Can kika ce, "Kai Malam Shiru, sai an sa maka batir ne?" Waya ɗaya ce ta tsinke a ciki, amma na ce ki dawo jibi. Wallahi tun ranar zuciyata ta bi ki, ba ta dawo ba.

Kin ɗauka shirun nan natsuwa ce. Mamanki ma ta ce kin yi dacen miji mai kawaici. Na karɓi yabon na yi kwance a kai, alhali na san ba nawa ba ne. Masoyiyata, ni mai i'ina ne. Ga shi na rubuta.

Ina yaro, idan na tsaya gaban babanmu, magana takan maƙale min a maƙoshi, haɓata na rawa, idanuna a runtse. Shi kuwa ba shi da haƙurin jira. Sai ya ce, "Ka faɗa ko ka ba ni wuri!" Ƙannena su ƙyalƙyale da dariya. A nan na gano kalmomi biyu da ke fita bakina sumul, ba gargada: ba komai. Ina faɗa sai a ƙyale ni. Na girma ina kauce wa duk kalmar da na ji za ta kayar da ni, in musanya ta da wata, ko in yi tarin ƙarya, ko in yi kamar ina tunani. Na zaɓi sana'ar da ake yi kai a sunkuye. Na kulle wancan yaron a can cikin raina, na tsane shi, na hana shi ko leƙowa ya gan ki. Ashe duk abin da nake ji game da ke a hannunsa yake!

Sai ranar asibiti ta zo. Likita ta faɗa mana cikin ya zube, ta fita. Kina kwance, fuskarki ta yi fayau, kika kama hannun rigata kika ce, "Ka ce wani abu mana." Allah shaida ne, abin da ya taso min shi ne: ɗanmu ne, ni ma zuciyata ta tsage. Amma kalmar farko ta tsaya min cak. Na ji haɓata ta fara rawa. Ga yayarki tsaye, ga ma'aikaciyar jinya tana gyara ledar ƙarin ruwa. A wannan lokacin, da kike cikin jini da hawaye, kunyar kaina na duba. Na buɗe baki na ce, "Ba komai."

Ba komai! Ɗan da kika fara ɗinka wa riguna tun bai yi motsi ba! Kika saki hannun rigata a hankali kika juya fuska bango. Da mari kika yi min da ya fi min sauƙi.

Akwai sauran, kuma ya fi nauyi. Tun ranar da kika min albishir, kina murna ina murna, amma a ƙasan murnata tsoro ne kwance: kada ya gaji harshena. Nakan kalli cikinki in ga yaro tsaye gabana yana runtse ido, in ji gabana ya faɗi. Da muka rasa shi, sai na ji kamar ni na ƙi shi tun bai zo ba. Na san rai na Allah ne, na sani, amma zuciya ba ta jin karatu. Yanzu da za a dawo min da shi, ko zai kwana kan kalma ɗaya, zan durƙusa in jira shi. To in har zan jira ɗana, me ya sa na kasa jiran yaron da ke cikina? Me ya sa na hana ki sanin rabin mijinki, sannan nake mamakin kina kukan kaɗaici a gefena?

Ki yafe min, hasken ɗakina. Ban cancanta ba, roƙo nake. Kuma na san rubutu ma wata maɓoya ce, domin alƙalami ba ya i'ina. Saboda haka gobe da la'asar zan rufe shago in zo. Zan tsaya gabanki, gaban yayarki in ta ga dama ta zauna, in faɗi da bakina abin da na kasa faɗa a asibiti. Za ki ga haɓata na rawa, za ki ga na runtse ido, muryata za ta yi ta yankewa kamar tashar da ba ta kama sosai ba. Ba zan yi tari ba, ba zan sauya kalma ba.

Alfarma ɗaya nake nema. Na san bakinki da sauri, na san tausayinki ya fi shi sauri. Idan na maƙale, kada ki ƙarasa min. Kada ki ce min ba komai. Ki jira ni kawai, zan iso.

Naki har numfashina na ƙarshe, ko da sunanki zai riƙa fita bakina guntu-guntu,

Mijinki mai i'ina,
wanda ya gaji da zama Malam Shiru