Hannun Bashiru Cikin Aljihu

Assalamu alaikum Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa daga Jega. Ina lafiyarka, ina ta Hajo da yara? Ciwon ƙafar ya lafa? Yaya zaman Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Makon jiya na je Aliero, makarantar su Bashiru ɗana, suna bikin ranar al'adu. Ban faɗa mishi zan zo ba. Ina shiga sai ga ɗan wani Alhaji dillalin albasa bisa dandamali, rataye da kalangu, yana bugu yadda ya ga dama. Aka yi ta tafi, uwarshi na ɗaukar hoto.

Bashiru na zaune can baya. Yaya, yaron da Baba ya saka ma kalangu a hammata tun bai iya sa wando ba! Na ga yatsunshi na bin kiɗan mahauta bisa gwiwa. Muna haɗa ido ya tura hannu aljihu.

Da muka keɓe na ce, "Mi ya hana ka karɓi kalangun ka buga?"

Ya ce, "Baba, shi in ya buga, sha'awa ce. Ni in na buga, sun gano gidanmu. Maroƙi za su kira ni har in gama."

Yaya, bai yi ƙarya ba.

Fatar kalangun Baba ta fashe tun damina. Da na yi niyyar sake ta, yanzu na fasa. In gyara ma wa?

Ka gai da kowa, ka sa mu addu'a. In ka zo Sallah ka tafi da kalangun, na gaji da ganinshi rataye.

Ƙanenka,
Sani